Sabon Matsugunin Jami'ar Fasaha: A Binne Bututu Kafin A Zana Get

Bara wata makaranta, wadda ba zan kama sunanta ba, ta ba mu aikin gyara manhajar rajistar ɗalibanta. Ginin da aka sauke mu sabo ne fil, gilashi tun daga ƙasa har sama, tayil sai ƙyalli yake. Da na tambayi inda sabar take, wani ma'aikaci ya ja ni zuwa ƙarƙashin matattakala, ya buɗe wani ɗan sito marar taga. Ga sabar nan a kan tebur, gefenta bokitan fenti da tsintsiya, zafin ɗakin kamar gidan burodi. Kebul ɗin intanet kuwa ta tagar banɗaki aka shigo da shi, don babu wanda ya tuna da shi lokacin da ake zuba kankare. A babban ajin lacca na ƙirga kujeru wajen 300 da soket 2, dukkansu a bayan malami.

Ni ban yi jami'a ba. Daga sakandare sai waya, a kanta na fara koyon rubuta manhaja kafin in samu laftof ɗin hannu. Amma tun ranar nan nake tunanin yadda ake tsara harabar makarantar fasaha, saboda abin da na gani ba rashin kuɗi ya jawo shi ba. Kuɗin an kashe su, har da yawa. An dai kashe su ne ba tare da an tambayi me ɗalibi zai riƙe a hannunsa idan ya shigo ginin ba.

Me ya sa maganar ta shafe mu a Kaduna

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly, ta fara ne a 1956 a matsayin ƙaramar cibiyar koyar da sana'o'in fasaha, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1968, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991. Yau a warwatse take cikin gari: babbar harabar tana Tudun Wada inda injiniyoyi suke, akwai ta Unguwar Rimi, akwai ta Barnawa maƙwabciyarmu, akwai kuma ta wajen baifas. Tun 2006 aka sanar cewa za a mayar da ita jami'a tare da takwararta ta Yaba da ke Legas, maganar ta kwanta. A watan Fabrairun 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce shugaban ƙasa ya amince a mayar da ta Yaba jami'a. A watan Agustan wannan shekarar kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara 7. Ka ga ke nan ɗaliban da ke ƙaruwa kullum waɗanda ake da su ne za su haɗiye su. Ko an kira Kadpoly jami'a ko ba a kira ta ba, ranar da za ta nemi ƙarin wuri tana tafe. Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, ta riga ta kai wannan gaɓar, shi ya sa aka ware mata matsuguni na dindindin a Rigachikun, kan hanyar Zariya.

Kuma a Najeriya idan aka ce sabon matsuguni, kowa ya san hoton da ke zuwa: ƙaton fili a bayan gari, katanga, get mai tsawo da suna da manyan baƙaƙe, doguwar kwalta, sai ginin shugabannin jami'a can a tsakiya. Akwai dalili. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta daɗe tana neman mai son buɗe jami'a mai zaman kanta ya nuna fili hekta 100, wato kusan filin ƙwallo 140, tare da taswirar yadda zai gina shi. A cikin gari ina za ka samu wannan? Dole a fita daji. Haka Jami'ar Bayero ta yi sabuwar harabarta a kan titin Gwarzo, haka Jami'ar Fasaha ta Minna ta bar Bosso ta faɗaɗa zuwa Gidan Kwano a hanyar Bida.

Ba na cewa hakan kuskure ne ga kowace jami'a. Mai karanta shari'a ko tarihi yana iya zama a daji da littattafansa. Makarantar fasaha ce nake jin tana yin asara idan ta yi nisa da masu aikin hannu, zan dawo kan wannan. Bari mu fara da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, don shi ne ba a gani a hoton buɗe gini.

Bututu

Abu mafi arha da za a yi wa sabuwar haraba shi ne a binne bututun roba babu komai a cikinsa a gefen kowane titi, kafin a zuba kwalta, a bar ramukan dubawa masu murfi a tsakani. Ko yau babu kuɗin sayen faiba, gobe idan an samu sai a zura kawai. Idan ba a yi haka ba, duk ranar da ake son haɗa sabon gini sai an fasa titi, kuma duk ranar da aka zo gyaran titi ko kwalbati sai katafila ta datse waya. Mu da muka zauna a Kaduna lokacin da ake ta faɗaɗa tituna mun san yadda sabis ke ɗaukewa haka kawai da rana tsaka. Ya kamata kuma faibar ta zagaya harabar kamar zobe, ta shigo ta ƙofa biyu daban-daban, ta yadda idan an yanke gefe ɗaya saƙo zai bi ta ɗaya gefen. Jihar Kaduna ta taɓa yafe kuɗin da ake biya kafin a binne faiba a gefen titi, don haka kawo layi biyu ba abin da zai gagara ba ne.

A cikin gini ma akwai lissafin da mai zane ya kamata ya sani. Kebul ɗin intanet na tagulla, irin wanda ake sokawa a bayan rauta, ba ya wuce mita 100. Ke nan dogon gini yana buƙatar ƙaramin ɗakin na'urori a kowane hawa, wani lokaci fiye da ɗaya, mai iska, mai ƙofa da makulli, mai wutar da ba ta ɗaukewa. Idan ba a zana ɗakin nan a takarda ba, ƙarshensa sito ƙarƙashin matattakala.

Sai Wi-Fi. Da yawanmu mun lura cewa rauta tana nuna suna biyu, ɗaya 2.4 ɗaya 5. Na 5 ya fi gudu amma ba ya iya ratsa bango sosai, na 2.4 ya fi nisa amma ya cika cunkoso. Bangon kankare mai rodi a ciki kusan katanga ne ga dukkansu. Shi ya sa rauta ɗaya a baranda ba za ta ciyar da ajujuwa 6 ba, komai tsadarta. Ajin da ke ɗaukar mutum 500 yana nufin waya 500 a lokaci guda, wasu ma da biyu. Irin wannan aji sai an rataya masa na'urorin watsa Wi-Fi da dama a silin, kowace da kebul ɗinta, kuma kebul ɗin nan ne zai kai mata wuta. Duk wannan tun kafin a rufe silin ake yanke shi. Akwai ma wani tsari da jami'o'in duniya ke amfani da shi, sunansa eduroam, wanda ɗalibi zai shiga Wi-Fi na wata jami'a da sunan shigar makarantarsa, ko a Accra yake ko a Landan. Jami'o'in Najeriya na da tasu hanyar haɗin gwiwa, NgREN, da ake iya bi a shiga. Amma me za ka haɗa idan babu kebul a bango?

Wuta, da ginin da ke shan ta

A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe sama da mako guda a duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke taho wa ta Binuwai shi ma ya faɗi. Mun biya kuɗin cajin waya kamar muna sayen nama. Watanni kaɗan kafin nan, a Afrilu, an ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, manyan jami'o'i irin su ABU Zariya suka fito suna kukan ba za su iya biya ba. Duk makarantar da za a gina yanzu aka dogara da wutar layi kaɗai, to an gina ta da ciwonta.

Mafita a kusa take. A Satumban 2019 aka ƙaddamar da tashar sola mai haɗe da batura da janareta a Jami'ar Bayero, mai ƙarfin megawat 7.1, ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara na haskaka jami'o'i. Abin da ya kamata sabuwar haraba ta koya shi ne a ware wa sola wuri tun a taswira, rufin gine-gine ya zama mai ɗaukar nauyin faranti, a kuma kai famfon ruwa kusa da su, domin ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage musu ƙarfi, kuma ba za a wanke su da jarka ba. A raba layin wuta biyu: na abubuwan da ba a so su mutu, wato ɗakunan na'urori, famfon ruwa, fitilun tsaro, soket na ajujuwa, da na sauran.

Ga wani ɗan lissafi da na yi a bayan littafi. Cajar laftof ta yau da kullum wat 65 ce. Laftof 300 ke nan kusan kilowat 20. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana shan kilowat 1 da ɗoriya. Wato ofisoshi 20 masu na'urar sanyi sun fi ajin ɗalibai 300 masu laftof shan wuta. Idan an ce babu wutar da za a ba ɗalibai, a fara duba inda take tafiya.

Nan ne zanen gini ke shigowa. Rana tana fitowa gabas ta faɗi yamma, kowa ya sani, amma sai ka ga an juya fuskar gilashi ta kalli yamma, a garin da Maris da Afrilu ke gasa mutum. Tsofaffin masu zane sun san sirrin: dogayen ɓangarorin gini su kalli kudu da arewa, gabas da yamma a bar su gajeru kuma a rufe, a yi baranda mai faɗi, tagogi su kalli juna iska ta ratsa. Maxwell Fry da Jane Drew sun yi wa Jami'ar Ibadan irin wannan a shekarun 1950, da bangon bulo mai huji-huji da ke tare rana ya bar iska. Kakanninmu ma da bangon ƙasa mai kauri da zaure sun san shi. Ginin gilashi kuwa ranar da aka ɗauke wuta ya zama tanda, kowa ya fito gindin bishiya. Abin dariyar shi ne a harabar Kadpoly ta Barnawa ake koyar da zanen gine-gine da tsara birane da safiyo, don haka masu sanin ba sa nesa.

Tazara ma lissafi ce. Mutum yana tafiyar kusan mita 800 a minti 10. Idan tsakanin lacca da lacca minti 10 ne, duk ajujuwa da wuraren aikin hannu su zauna cikin wannan da'irar, da inuwar bishiya a hanya. Fili hekta 100 yana ruɗar mutane su watsa gine-gine nan da can don wurin ya cika ido, sai ɗalibi ya riƙa biyan kuɗin Keke a cikin makarantarsa, kuma kowane mita da aka ƙara tsakanin gini biyu ƙarin kebul ne, ƙarin bututun ruwa, ƙarin wurin gadi.

Daji ko gari

Gadi ba ƙaramar magana ba ce a nan. A Maris 2021 an sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke Afaka. A watan Afrilu aka shiga Jami'ar Greenfield a hanyar Abuja aka kwashi ɗalibai, aka kashe 5 daga cikinsu. A Agusta har makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA aka kai wa hari. Iyayen Kaduna ba su manta ba. Duk mai zana haraba a bayan gari yau dole ya sa wannan a lissafi, kuma kyamara da fitila ba sa aiki sai da wuta da kebul ɗin da muka yi magana a kai.

Amma ko da babu matsalar tsaro, akwai abin da daji ba zai ba ɗalibin injiniya ba. Dab da harabar Tudun Wada akwai tsohuwar kasuwar Panteka, inda ake narka ƙarfe, ake walda, ake ƙera injin niƙa da tukwane da kayan gyaran mota. Lokacin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar Kadpoly, kafin ya koma hukumar ilimin fasaha ta ƙasa a 2021, makarantar ta jawo masu sana'ar Panteka jiki, ana horar da su ana ba su takardar shaidar ƙwarewa. Wannan ya yiwu ne saboda da ƙafa ake zuwa. Ɗalibin da ya zana wani ƙarfe a kwamfuta da safe yana iya kai wa mai walda da yamma, a gaya masa gaskiya cewa wannan ba zai tsaya ba. A Barnawa kuma akwai CoLab, cibiyar matasa masu harkar manhaja da aka buɗe a 2016. Irin mu da ba mu da katin ɗalibi a irin waɗannan wurare muke haɗuwa da masu shi. Ka ɗauke makarantar ka kai ta kilomita 30, ka yanke wannan igiyar, kuma mu ne farkon waɗanda za su rasa.

To ina fili a cikin gari? Ni dai kullum ina wuce shi.

Masaƙun Kakuri

Sunan unguwarmu daga maƙera ya samo asali, masu ƙira. Gefenmu Kakuri ce, inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, shekara guda bayan kafuwar makarantar da ta zama Kadpoly. Kusan sa'annin juna ne. Bayanta aka yi UNTL da Arewa Textiles da Nortex da sauransu, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, masana'antar kayan tsaro ta DICON ma tana nan. Mahaifina ya yi aikin masaƙa. Yana ba mu labarin lokacin da jiniyar canjin aiki ke kaɗawa tituna su cika da kekuna har mota ba ta iya wucewa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran ma suka bi. Yanzu ciyawa ce da tsofaffin katangu.

Masaƙa babban zaure ne mai dogon rufi, da daɓen da aka yi don ya ɗauki nauyin injuna, a unguwar da tun asali aka ja wa manyan layukan wuta da ruwa da tituna, ga tashar jirgin ƙasa kusa. Wurin koyon injiniya ma kusan abin da yake so ke nan. Wasu garuruwan sun gane haka. Lodz a ƙasar Poland garin masaƙu ne da suka durƙushe, jami'ar fasaharsu tana zaune a cikin tsofaffin masana'antu da gidajen masu su. A Lowell ta Amurka jami'ar garin ta samo tushe daga makarantar koyon saƙa, kuma tana amfani da ginin tsohuwar masaƙa. A Istanbul, Jami'ar Bilgi ta mayar da tsohuwar tashar wutar lantarki haraba a 2007.

Kada in yi muku daɗin baki, akwai ƙaya. Na farko mallaka: KTL ta jihohin Arewa 19 ce, sauran kuma na 'yan kasuwa ne, wasu da bashi a kansu. Na biyu, tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Babu adalci a yi bikin aza harsashi a kan wannan. Na uku ƙasar kanta. Shekara da shekaru ana zubar da ruwan rini da sinadarai ta magudanan Kakuri da Makera zuwa kogin Kaduna, don haka sai an auna ƙasa da ruwan ƙarƙashinta kafin a kwantar da ɗalibi a wurin, a kuma duba tsofaffin rufi ko akwai asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Akwai kuma masu cewa a bar masaƙu a farfaɗo da su, kuma ina fahimtarsu, don ni ma tuwon masaƙa na ci. Sai dai mun ji wannan alkawarin sau nawa? Kuma ban ga abin da zai hana a yi duka biyun ba, a farfaɗo da wadda za ta farfaɗu, a ba makaranta wadda ta riga ta mutu, ɗalibai su riƙa tsallaka titi su je koyon aiki.

Ba sai an kwashe komai an kawo nan ba. Filin wasa, gonar gwaji, gidajen malamai, babbar tashar sola, waɗannan suna iya zama bayan gari inda ƙasa ke da arha. Wuraren aikin hannu da ɗakunan kwamfuta da ɗakunan gwaje-gwaje su ne nake so a bari inda masu sana'a suke, a haɗa ɓangarorin biyu da faiba da motocin makaranta masu lokaci. Akwai kuma wata riba da ba a rubutawa a taswira. Tun rikicin 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka, kowa ya koma gefen da ya fi jin kwanciyar hankali. Makera da Kakuri na cikin wuraren da har yanzu ake cakuɗe. Makarantar da yaron Rigasa da yarinyar Sabon Tasha za su zo kowace safiya su yi aiki a kan inji ɗaya tana da amfani fiye da takardar da za ta ba su.

Kaduna ba baƙuwar tsari ba ce. A 1967 Max Lock da tawagarsa sun fitar da tsarin birnin da ya hango har zuwa 2017, shekara 50 gaba. Su da takarda da fensir da hotunan jirgin sama suka yi. Mu yau hoton tauraron ɗan'adam yana aljihunmu. Ka sauke Google Earth a wayarka, ka nemo Kakuri, ka taɓa alamar awo, ka zagaye katangar ɗaya daga cikin masaƙun nan da ɗigo-ɗigo har ka dawo inda ka fara, zai nuna maka faɗinta. Daga nan ka ja layi zuwa Barnawa, ka ja wani ya haye gada zuwa Tudun Wada, ka ga kilomita nawa ne. Ka sake jan wani daga ƙofar gidanku zuwa Rigachikun, ka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa sau 5 a mako. Ni da na gwada, datar da ta tafi ba ta kai ta kallon bidiyo biyu a TikTok ba.